Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar AFL: Ku Bar Doka Ta Huce Kafin Ku Sake Ɗora Ta A Wuta

Zuwa ga shugabannin AFL, hukumar ƙwallon ƙafa irin na Ostareliya, da masu duba dokokin wasa, birnin Melbon.

Ranku ya daɗe, ina gaisuwa.

Na san babu mai jin Hausa a cikinku. Duk da haka da ita zan rubuto, don da ita nake fushi, da ita nake huce. Babban ɗana ya yi alkawarin juya muku wasiƙar zuwa Turanci idan ya gama jarrabawa. Akwai kuma 'yan'uwana na gida, waɗanda duk ranar da na ce musu na tafi kallon ƙwallo sai su tambaye ni ko Arsenal ce ke buga wasa. Ina so su ma su ji abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan ƙasa taku.

Ni baƙo ne a wasanku. A 2015 na sauka a yammacin Melbon, kuma a makon farko a wurin aiki, kafin a tambaye ni garinmu, an tambaye ni ƙungiyar da nake goyon baya. Na ce ban da ita. Aka dube ni kamar wanda ya ce ba shi da dangi. Da yake unguwar Footscray ce maƙwabciyata, sai na ɗauki ƙungiyarta, Western Bulldogs, shekara na zagayowa suka ci kofi, karon farko tun 1954. Har yau abokan aikina na cewa ni na zo musu da ƙafar dama. Mutanenmu na cewa baƙo raɓa ne, to amma raɓar da ta haura shekara goma tana sauka a fili ɗaya ta san inda ciyawa take da inda ƙasa ta zaizaye. Yanzu duk Lahadi a lokacin sanyi ni ne mai farar kwat da tutoci biyu a bakin gola, mai nuna ko gol ce ko maki ɗaya, a wasan 'yan matan da autata take bugawa. Babban ɗan nawa kuwa, mai shekara 15, alƙalin wasa ne a gasar yara. Da wannan matsayi nake magana, ba da wani ba.

Ku yi mini uzuri in ɗan karkata ga mutanen gida, kada su ɓace a hanya. Wannan ƙwallo ba zagayayya ba ce, siffar ƙwai gare ta, filin ma haka, kuma ya fi na tamaula girma nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare mutum 18. Turaku huɗu ne a kowane ƙarshen fili: ka buga da ƙafa ta bi tsakanin dogayen biyu na tsakiya, maki 6, ta bi ta gefe ko ta taɓa dogon turke, maki 1. Ana gudu da ita a hannu amma sai an doka ta a ƙasa duk mita 15. Ba a jefa ta, sai dai a naushe ta daga tafin hannu. Wanda ya cafke bugun da ya yi tafiyar mita 15 kafin ya taɓa ƙasa, ya samu damar tsayawa ya buga ba mai taɓa shi. Ana kuma kama mai ƙwallo a kayar, kokawa sosai. Babu satar gida, babu jan kati a babbar gasa. Shi ke nan, mu koma.

Ba na cikin masu cewa kada a taɓa doka ko kaɗan. Waɗanda suka zauna a Melbon a watan Mayun 1859, Tom Wills da abokansa, dokoki 10 kacal suka rubuta, kuma da an tsaya a kansu da yau babu mutum dubu ɗari a filin MCG, babban filin wasa na Melbon, ranar wasan ƙarshe. A 1969 aka fara hukunta wanda ya buga ƙwallo ta fita fili ba ta taɓa ƙasa ba. A shekarun 1970 aka zana murabba'in tsakiya don a rage cunkoso. A wasan ƙarshe na 2008, 'yan Hawthorn sau 11 suna tura ƙwallo bayan layinsu, suna sadaukar da maki ɗai-ɗai don kada Geelong ta ci shida-shida. Kuka zo a 2009 kuka ce wanda ya yi haka da gangan a ba abokan hamayya bugun tazara. Wannan kowa ya ga cutar da idonsa kafin a kawo magani, shi ya sa ba a daɗe ana gardama ba.

Haka nan duk abin da ya shafi kan ɗan'adam, ina bayanku ɗari bisa ɗari, kuma in da hali ku ƙara sauri. Ina gaban talabijin a watan Satumbar 2023 lokacin da Brayden Maynard na Collingwood ya yi tsalle don tare bugu ya faɗo a kan Angus Brayshaw na Melbourne. Kotun wasa ta wanke Maynard, don a dokar da ake da ita a lokacin bai yi laifi ba. Brayshaw bai sake buga wasa ba. A watan Fabrairun 2024 ya ajiye takalmi yana da shekara 28, bisa shawarar likitoci. Kun gyara dokar, kun kyauta. An binciki ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan wasa Polly Farmer da Danny Frawley da Shane Tuck bayan rasuwarsu, an sami cutar nan ta CTE da yawan buguwar kai ke jawowa. An same ta a ƙwaƙwalwar Heather Anderson, wadda ta buga gasar mata. Ni da ke da 'ya a fili, idan kun ce wanda ya bugu a kai sai ya huta kwana 12 a babbar gasa, kwana 21 a wasannin unguwa, ba zan ce muku uffan ba sai dai Allah ya saka da alheri. Masu cewa wasan ya zama na mata saboda an hana dukan kai, su je su faɗa wa iyalan waɗancan mamata.

Kukana a kan ɗaya nau'in ne: gyaran da kuke yi don wasa ya yi kyau a ido, ƙwallo ta yi gudu, maki ya yi yawa. Nan ne kuka mayar da littafin doka allon makarantar allo, a rubuta da safe a wanke da yamma.

Ku ɗauki maganar ɗan wasan jiran ko-ta-kwana. A 2011 kuka kawo shi, yana zaune a benci da koriyar riga, wanda aka cire a sa masa ja. Bayan kakar 2015 kuka ce bai yi amfani ba, kuka soke. A watan Maris na 2021, ana jajibirin fara gasa, kuka dawo da shi, wai don wanda ya ji rauni kaɗai. A 2023 kuka ce a'a, koci na iya sa shi duk lokacin da ya ga dama. A watan Oktoban 2025 kuka sake soke shi, kuka ce mutum biyar su zauna a benci kowa daidai da kowa. Shekara 15 ana kai gwauro ana kai mari, an dawo kusa da inda aka taso. Akwai yaran da wasansu na farko a babbar gasa, iyayensu sun biya kuɗin jirgi sun zo kallo, suka ƙare a benci ba su taɓa ƙwallo ba. Wa zai biya su wannan ranar?

Musayar 'yan wasa ma haka. Da babu iyaka. A 2014 kuka ce sau 120 ga kowace ƙungiya a wasa ɗaya, a 2016 sau 90, a 2021 sau 75. Dalilin, kamar yadda aka bayyana mana, idan 'yan wasa sun gaji ba za su iya taruwa a kan ƙwallo ba, fili zai buɗe. A 2019 kuka kawo dokar shida-shida-shida, wato duk lokacin da za a tashi ƙwallo daga tsakiya, shida a gaba, shida a tsakiya, shida a baya. Aka yi ta yayata cewa maki zai ƙaru. A wannan shekarar matsakaicin makin da ƙungiya ke ci a wasa ya sauko kusan 80, mafi ƙaranci tun shekarun 1960. Ban ce dokar ba ta da wani alheri ba. Ta hana koci ya kwashe mutanensa gaba ɗaya ya jibge a baya idan saura minti biyu, kuma na ji daɗin hakan a wasanni da yawa. Amma abin da aka ce za ta yi ba ta yi ba a shekararta ta farko, kuma ban ji wanda ya fito ya ce mun auna mun ga ba haka ba. Sai kawai aka wuce zuwa sabon gyara. Mu a wajenmu irin wannan muna ce masa gyaran gangar Auzinawa.

Abin da kuke mantawa shi ne kociyoyi sun fi ku lokaci. Ku kuna zama a ofis wata biyu ku fito da doka. Su kuwa ƙungiyoyi 18 ne, kowace da tarin masu nazarin bidiyo da ba su da aiki sai neman ƙofar baya. Duk ramin da kuka toshe, kafin tsakiyar kaka ɓera ya haƙa wani. Da kun ɗan yi haƙuri, sau da yawa su da kansu suke warware ƙullin juna. An yi zamanin da kowa ke cika baya da mutane, aka zo aka sami masu matsa wa mai ƙwallo tun daga gidansa, Richmond ta zo da nata salon na tura ƙwallo gaba ko ta halin ƙaƙa ta ci kofi uku tsakanin 2017 da 2020. Ba kwamiti ne ya rubuta musu wannan ba.

Yanzu in zo kan dokar da ta sa na ɗauki alƙalami, dokar "tsaya" ta 2021. Idan wani ya cafki ƙwallo ko aka ba shi bugun tazara, abokin hamayyar da ke tsaye a gabansa, da zarar alƙali ya ce tsaya, ba shi da ikon ɗaga ƙafa ko gefe ko baya. Ya motsa, a ja ƙungiyarsa mita 50. Mita 50 a wannan wasa ba wasa ba ne, sau da yawa gol ne a faranti. Ƙaton mutum, ɗan wasan da ya yi shekaru yana horo, ya ƙame kamar gunki, mai ƙwallo ya bi ta gefensa ya wuce yana kallo. Ko a yi ta muhawara a kan ko ta buɗe wasa ko ba ta buɗe ba, wannan ku da 'yan jarida. Ni ga abin da na gani.

Wata Lahadi ce a watan Yuni, ƙarfe tara saura, ciyawa duk raɓa ta daskare, hannuna cikin aljihun kwat tare da katin rubuta maki da guntun fensir. Ƙamshin albasa da ake soyawa a rumfar iyaye ya cika wurin. Ɗana ne ke hura usur, wasan 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 12. Wata yarinya ta cafki ƙwallo kamar mita 30 daga inda nake. Wadda ke tsaye a gabanta, 'yar mitsitsiya da ita, safa ɗaya ta zame, ta ɗan matsa hagu taku biyu tana ɗaga hannuwa. Sai wani uba daga bakin shinge ya ɓarke da ihu: hamsin, hamsin, ka makance ne! Yaron bai ba da komai ba, kuma daidai ya yi, don a gasar waɗannan yara ba a aiki da dokar tsaya. Amma uban daren Juma'a ya gani a talabijin an ba da mita 50 a kan irin wannan, shi a wajensa doka ke nan. Wasu biyu suka taya shi. Har aka tashi daga wannan zangon bai rufe baki ba. Ni kuwa ina bakin gola, ba ni da ikon barin wurina, kuma ɗan nawa ya riga ya gargaɗe ni tun farkon kaka cewa kada in kuskura in tsoma baki.

A mota bai ce komai ba har muka wuce fitilar hanya ta uku. Sannan ya ce, "Baba, anya ba ni ne na yi kuskure ba? Ko sun canza ne ban sani ba?"

Wannan tambayar ita ce dukkan ƙarata. Yaro ya karanta littafinsa, ya je horo duk mako, ya yanke hukunci daidai, amma ba shi da tabbacin ƙasar da yake tsaye a kai ba ta motsa ba cikin dare. Ba shi da laifi da ya yi shakka, ya ga an yi. A tsakiyar kakar 2024, ana cikin gasa, kuka sauya yadda ake hukunta riƙe ƙwallo, kuka rage lokacin da ake ba wanda aka kama ya rabu da ita. Na san dalilin, kuma dalili ne mai kyau: alƙalai na jinkirin hura usur, mai kamu yana ƙara ƙarfi har ya doka kan mutum da ƙasa, a dakatar da shi. Amma kuka ce ba doka kuka canza ba, fassararta ce. Ranku ya daɗe, ga wanda ke tsaye a tsakiyar fili da usur a baki, mutane na ihun "bol!", wato ya riƙe ƙwallo, ta kowane ɓangare, doka da fassara duk Jumma ce ta haife su. Wannan doka ta riƙe ƙwallo, da zancen ko ya sami dama tun farko, ko ya yi ƙoƙari na gaskiya, ko ƙwallon ce ta suɓuce, na shekara goma ina kallo, kuma har yau idan baƙo ya tambaye ni sai in ce masa ya saurari ihun jama'a.

A 2022 kun tashi tsaye a kan raina alƙalai, har buɗe hannu don nuna rashin yarda ya zama laifin mita 50. A lokacin an ambaci cewa wasannin unguwanni na da giɓin alƙalai kusan 6,000. Na yi murna, na ce yau an tuna da irin su ɗana. Bayan 'yan makonni aka sassauta, aka koma wannan alƙali ya hukunta, wancan ya kau da kai. Kuna neman a girmama alƙali da hannun dama, da hagu kuma kuna ƙara masa kayan da ba mai iya ɗauka. A babbar gasa tun 2023 alƙalan fili huɗu ne, ga na layi, ga na gola, ga ɗakin bidiyo. Duk da haka a watan Agustan 2023 Ben Keays na Adelaide ya ci gol mai kyau a kan Sydney, mai tuta ya ɗauka ta taɓa turke, ba a duba bidiyo ba, Adelaide ta faɗi da maki ɗaya, kuma ku da kanku kuka amsa an yi kuskure. Ranar na tausaya wa mai tutar nan fiye da kowa, don na san yadda ƙwallo take wucewa sama da turke rana na dukan ido. Idan masu albashi da na'ura haka, ina ga yaro ɗan shekara 15 shi kaɗai ko su biyu a fili?

Sai ga kakar 2026 ta zo da nata buhun. Kun daina doka ƙwallo a ƙasa a tsakiyar fili, abin da ake yi tun ƙarni na 19, yanzu sai dai a cilla ta sama. A nan, gaskiya, zuciyata ta rabu biyu. Wannan dokawar ita ce abu na farko da ya burge ni a wasanku, jiniya ta yi kuka, alƙali ya sunkuya ya maka ta a ƙasa ta tashi sama, dogaye biyu su yi karo a iska. Amma na ga ɗana a bayan gida yana gwadawa har kafaɗarsa ta yi tsami, ƙwallon na tafiya inda ta ga dama, kuma na san akwai masu kaifin ido da aka rasa saboda ba su iya wannan dabarar ba. Na yarda da ku, ko da yake da kun bar mana ita ko sau ɗaya a shekara, a buɗe wasan ƙarshe. Dokar wanda ya buga ƙwallo ta fita a tsakiyar fili a ba ɗaya ɓangaren, ita ma ba zan yi faɗa da ita ba, don an daɗe ana aiki da irinta a gasar Kudancin Ostareliya da gasar mata, an ga kamun ludayinta. Abin da ya dame ni shi ne an haɗo su da wasu gyare-gyaren a shekara ɗaya, na dogayen tsakiya, na lokacin bugu daga gola, da ƙara tsaurara tsaya. Idan wasa ya gyaru, wacce ce ta gyara shi? Idan ya lalace, wacce za ku cire? Mai magani ma ba ya haɗa saiwa bakwai a tukunya ɗaya sannan ya ce ya san wadda ta yi aiki.

Akwai maganar da ake yi a bakin shinge wadda ya kamata ku ji daga bakin mai ƙaunarku. Ku ne masu gasa, ku ne masu rubuta doka, ku ne kuma masu sayar da haƙƙin nuna wasa, yarjejeniyar dala biliyan 4.5 ta Ostareliya daga 2025 zuwa 2031. Kowa ya san bayan kowace gol tashar kyauta tana saka talla. Ban ce don talla kuke son gol ta yi yawa ba, ban shiga zuciyar kowa ba. Amma wanda ke sayar da nama kuma shi ne mai riƙe da sikeli, ko waliyyi ne sai an yi masa kallon gefe. A tamaular da muka taso da ita, majalisar IFAB ce ke da doka, ƙuri'a takwas, huɗu na FIFA, huɗu na hukumomin Birtaniya, kuma sai shida sun yarda ake taɓa komai. Suna da nasu shirmen, duk wanda ya ga yadda ake fassara taɓa ƙwallo da hannu ya sani. Amma aƙalla gasar Firimiya ba ta isa ta kwana ta tashi da sabuwar dokar wasa ita kaɗai ba.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Duk gyaran da bai shafi lafiyar ɗan wasa ba, a gwada shi kaka guda cur a ƙaramar gasa irin VFL, a faɗa mana tun farko abin da ake so ya gyara da yadda za a auna, a kuma fito da sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Idan an fara gasa, a rufe littafi sai an ɗaga kofi, har da abin da kuke kira fassara, sai fa in kan mutum ne ke cikin haɗari. A kuma ba masu horar da alƙalan unguwa kujera a teburin da ake yanke waɗannan abubuwa, kujerar magana ba ta sauraro ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kun ƙara da sanarwa ɗaya a talabijin ranar Juma'a cewa dokar manya ba lallai ita ce ta yara ba, da kun rage wa yaranmu rabin zagi.

Kuna kashe kuɗi sosai don jawo irinmu cikin wasan nan, kuma yana aiki. Yaranmu sun ga Majak Daw, sun ga Aliir Aliir, 'yan wasa 'yan asalin Sudan ta Kudu, sun san akwai wuri dominsu. Amma iyayensu, waɗanda za su tuƙa mota su yanka lemo su riƙe tuta, sai sun fahimci abin da suke kallo. Akwai wani maƙwabcina ɗan Habasha da na sha wahalar koya masa dokoki har ya fara zuwa fili. Bana ya ce mini sai na sake masa darasi daga farko, na ce ya bari ni ma in tambayi ɗana.

Yaron dai bai ajiye usur ba. Ya ce zai ƙara kaka ɗaya ya gani. Lahadi mai zuwa wasansa ƙarfe takwas da rabi ne, kuma kullum muna ƙarancin mai tuta a ɗaya golar. Idan akwai wanda zai iya zuwa daga cikinku, kwat ɗin na nan a ɗakin ajiya, sai dai ya zo da fensirinsa.

Naku,
wani uba mai ɗaga tuta a yammacin Melbon.